A Daina Ɗora Wa Jaki Kayan Raƙumi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Al'amarin kuwa shi ne yadda ake sauya wa ƙananan motocin da ke kai mana kaya kasuwa kayan cikinsu, musamman kuloci da hanyar mai, wai don su ƙara ƙarfi ko su rage shan mai.

Ni dai ba makanike ba ne. Manomi ne ni a nan Tiga, idan an gama aikin gona kuma in taɓa 'yar saye da sayarwa ta hatsi. To amma Hausawa sun ce jiki magayi. Abin da zan faɗa na biya kuɗin koyonsa da aljihuna, saura ƙiris ma in biya da raina.

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora da kaka ya dubi motocin da ke fitowa daga Tudun Wada da Doguwa zai ga abin mamaki. Za ka ga Golf ko Sharan, wadda muke ce wa Sharon, an cire mata kujerun baya, an shaƙe ta da buhunan masara ko shinkafa, an ɗaure but da igiya saboda ya ƙi rufuwa, gindinta na neman shafar kwalta, hancinta na kallon sama. Ita wannan Golf 3 da ta cika hanyoyinmu, a 1991 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara fito da ita, kuma don magidanci da iyalinsa aka ƙera ta. Duk nauyin da aka yarje mata ta ɗauka, har da direba, kimanin kilo 500 ne. Buhun masara ɗaya kuwa kilo 100 ne. Ke nan direba da buhu huɗu sun ishe ta. Mu kuwa sai mu danna mata goma ko fiye, mu kuma haye sama da kanmu.

Da yake mota ba za ta jure wannan ba, sai a garzaya gareji. A ƙara mata sifirin a baya don kada ta zauna. A nemo mata kuloci mai tauri na wata motar da ta fi ta. A sauya famfon mai. Wani ma a cire injekta a ɗaura mata kafireta. Idan an gama sai ka ji mai mota yana bugun ƙirji yana cewa tasa ta zama Kanta. Wallahi ba ta zama ba.

Ga abin da ya same ni. Da kakar 2023, ni da ƙanena muka haɗa kuɗin amfanin gona muka sayi wata tsohuwar Golf domin mu riƙa sarin masara daga wajen Doguwa muna kaiwa Dawanau, shi yana tuƙi. Ba mu yi wata biyu ba kuloci ya fara santsi. Muka kai ta wajen wani makanike, ya ce ai kulocin kamfani na masu zuwa ofis ne, shi zai haɗa mana wanda ko dutse muka ɗora sai ta ja. Ya kuma ce zai shaƙe mata mai yadda lita ɗaya za ta yi mana aikin biyu. Muka ji daɗi, muka biya, har da tukwici.

Ranar da abin zai faru mun taso da lodi bayan la'asar, muka shigo dajin Falgore za mu Tudun Wada. A wani hawa sai muka ji wani ƙara daga ƙasan mota kamar an karya icce, inji na ta kuka amma mota ba ta gaba, sai ma baya da ta fara yi. Da kyar birki ya riƙe ta, na yi tsalle na sa mata dutse. Muna buɗe bonet sai warin fetur ya buge mu, ashe tiyon mai ya tsage yana tsiyaya kusa da inji mai zafi. Ga magariba ta kawo kai, ga daji, kuma duk mutumin yankin nan ya san Falgore ba wurin da ake son dare ya riski mutum ba ne. Allah Ya taimake mu da wani direban babbar mota, wanda ban san ko sunansa ba, ya tsaya ya kwashe mu da kayanmu. Allah Ya saka masa da alheri. Kuɗin janyo mota da na gyara sun cinye ribar kakar gaba ɗaya har da wani abu daga uwar kuɗi.

Bayan wannan ne na zauna da wani dattijon makanike wanda ya yi zamanin Peugeot 504, ya warware mini abin dalla-dalla. Shi ne nake so in isar wa 'yan uwana.

Da farko kuloci. Kuloci wani faifai ne mai fata a fuska biyu, yana zaune tsakanin inji da giyabos. Akwai wani murfi mai sifirin, wanda makanikai ke kira firesha filet, da ke matse faifan a jikin filawil, wato babban ƙarfen da inji ke juyawa. Idan ka taka kuloci sai matsin ya saki, ka sami damar sa giya. Idan ka ɗaga ƙafa sai ya kama, ƙarfin inji ya wuce zuwa ƙafafun mota. Idan kaya suka fi ƙarfin matsin nan, sai faifan ya riƙa zamewa, ya yi zafi, fatar ta ƙone. Wannan wari mai kama da ƙonewar tsumma da kake ji a hawa, shi ne. Alamarsa kuma ita ce ka ba da wuta inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba.

Dattijon nan ya ce mini kamfani da gangan ya sa kuloci ya zama shi ne mai saurin sallamawa, domin shi ne mai araha a cikin abubuwan da ke jan mota. Idan ka sa wanda ba ya zamewa ko kaɗan, to nauyin bai tafi ko'ina ba, gaba ya matsa. Sai ya faɗa kan haƙoran giyabos, ko kan shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba. Abin da ya karye mana ke nan a Falgore. Mun guje wa kashe kuɗin faifai, muka ɓuge da sayen shaf da gyaran giya. Garin neman gira muka rasa ido.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda zai canja kuloci. A sayi wanda aka yi domin wannan injin da wannan giyabos ɗin, a tafi Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu a gwada faɗinsa da yawan haƙoran tsakiyarsa. A canja abu uku tare, wato faifai da firesha filet da rilis biyarin, domin kuɗin sauke giyabos ɗaya ne, kuma sabon faifai a kan tsohon murfin da sifirinsa ya saki ba ya daɗewa. A sa makanike ya duba fuskar filawil, idan ta tsattsage ko ta yi shuɗi saboda zafi a gyara ta ko a canja. A duba sil ɗin bayan inji, domin idan baƙin mai na ɗiga a kan faifai, ko jiya aka sa shi zai yi santsi. A kuma yi hattara da tsohon faifan da aka buga wa sabuwar fata aka fesa masa fenti aka sa a kwali. Araha ba ta ado. Idan an sa sabo, a lallaɓa shi na 'yan kwanaki da kaya marasa nauyi kafin ya zauna.

Mai son gwada kulocinsa kafin tafiya, ya sami fili inda babu mutane a gaba, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu, kuloci na kamawa. Idan inji ya ci gaba da aiki ƙafa na sama, to ya fasa lodin nan ya nufi gareji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma direbobi da nasu laifin. Wani zai ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga Tiga har Kano kamar matashi. Wani zai riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki. Wani zai tashi da giya ta biyu da cikakken lodi wai don ya burge 'yan tasha. Duk waɗannan suna cin faifai fiye da yadda tafiyar kanta ke cinsa.

Na biyu, hanyar mai. A nan ne na fi jin tsoro, domin kuloci dukiya yake ci, fetur kuwa rai yake ci. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Daga nan kowane mai mota ya shiga neman dabara, masu dabarar banza kuma kasuwarsu ta buɗe.

Dabara ta farko ita ce shaƙe mai. Inji yana son iska da fetur a kan wani ma'auni, kamar yadda tuwo ke son gari da ruwa daidai. Idan aka rage fetur fiye da ƙima, wutar cikin inji takan yi zafi ainun, ta ƙona bawul, wani lokaci har ta huda fistin, musamman a hawa da kaya lokacin da inji ya fi buƙatar mai. Ka tsimi lita biyu ka sayi inji. Idan kuma aka buɗe mai da yawa wai don ƙarfi, sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ko ta ina asara ce.

Dabara ta biyu ita ce sa babban famfon mai. Jama'a, babban famfo ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Inji abin da zai iya ƙonawa kawai yake karɓa. Kuma famfon kafireta da na injekta ba ɗaya ba ne. Na kafireta a hankali yake turo mai, matsinsa bai kai rabin abin da masana ke kira bar ɗaya ba. Na injekta kuwa a motoci da yawa yana kai bar 3, wato ya fi matsin iskar da ke cikin tayar motar. Idan aka haɗa famfon injekta da kafireta ba tare da abin rage matsi ba, mai zai yi ambaliya a kan inji. Idan kuma aka sa wa injekta tiyon da ba nata ba, irin na kafireta ko ma na ruwa, aka ɗaure bakinsa da waya, to ranar tsagewarsa kawai ake jira. Irin tiyon da aka sa mana ke nan.

Dabara ta uku ita ce galan. Famfo ya mutu ko tanki ya huje, sai a ajiye galan ɗin roba a gaban mota kusa da ƙafar fasinja, a zura tiyo. Ga mata da goyo a ciki, ga mai shan taba, ga wayoyin wuta a tsirara. Wannan ganganci ne, kuma duk fasinjan da ya ga haka ya sauka, ko da ya riga ya biya.

Abin da ke kashe famfo tun farko sananne ne. A motocin injekta famfon yana cikin tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Mu kuwa kullum allura na ƙasa, lita uku yau, lita biyu gobe, wani lokacin daga galan ɗin 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya a ciki ba. Kada mu manta ko a gidajen mai an taɓa samun haka, domin a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, ya lalata motocin mutane kafin a janye shi. Saboda haka a riƙa canja filtar mai a kan kari, ita ce mafi araha a duk hanyar mai kuma ita ce ke tsare sauran. A wanke tanki idan ya tara datti. Kada a bari mai ya riƙa ƙarewa ƙaf.

Sai maganar gas ɗin mota, wato CNG, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Ni ban ƙi shi ba, domin ya fi fetur sauƙin kuɗi. To amma a san abin da ake ɗauka. Matsin da ke cikin tukunyar CNG yana kai bar 200, kusan ninki ɗari na iskar taya. Tukunyar gas ɗin girki ba ta ɗaukar ko kusa da haka, balle wadda mai walda ya haɗa. A watan Oktoba 2024 wata mota ta tarwatse a wajen shan gas a garin Benin na Jihar Edo, mutane suka jikkata, hukuma kuma ta bayyana cewa tukunyar haɗin gida ce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mai son juyawa ya je cibiyar da gwamnati ta amince da ita, ya duba shekarar ƙira da ta ƙarewar aiki da aka buga a jikin tukunyar, ya karɓi takarda. Ya kuma yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Tukunyar ƙarfe ta fi rabin buhun masara nauyi, kuma a but take zama inda kaya ke zama, ba a kuma jibga mata buhuna a kai. Ƙarfin inji yakan ɗan ragu a kan gas, sai a ji shi a hawan Riruwai. Yawancin motocin da aka juya da fetur suke tashi, don haka tanki ba zai zauna a bushe ba. Sannan ya tambayi kansa nisan da ke tsakanin garinsu da wurin shan gas mafi kusa, kada kuɗin zuwa ya cinye ribar.

Wani zai ce ai Turawa ma suna ƙara wa motoci ƙarfi. Gaskiya ne. Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a kamfanin da aka buɗe a 1975, ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975 da kuma 1978. To amma masu motar tsere idan sun taɓa inji, sai sun bi kuloci da giya da hanyar mai da birki da taya ɗaya bayan ɗaya da awo da gwaji, kuma nauyi suke rage wa mota. Mutum biyu ne kawai a ciki, da hular kwano da abin kashe gobara. Mu kuwa nauyi muke ƙarawa, mu taɓa abu ɗaya mu bar tara. Ban taɓa jin wanda ya je gareji ya ce a ƙara masa ƙarfin birki ba, alhali birkin da aka yi don buhu huɗu shi ne zai tsayar da goma a gangara. Ga shi Golf da tayoyin gaba take ja, da su take juyawa, idan baya ya yi nauyi gaba ya ɗaga, sitiyari ya zama wasa. Samarinmu masu wasan mota ranar biki su ma su ji wannan.

Malam Edita, ba zan ɗora wa direbobi da makanikai laifin duka ba. Direba yana da balas da zai kai wa mai mota, ga mai, ga kuɗin tasha, ga na hanya. Mu 'yan kasuwa kuma mu ne masu taya kuɗin buhu kamar muna sayen gauta, mu ne masu cewa haba direba ɗan ƙara biyu mana. Idan ya ƙi sai mu koma wajen wanda zai yarda. Ashe da hannunmu a ciki. Ni ma na yi, har lokacin da motar ta zama tawa. Tun daga abin da ya same mu muka mayar da motarmu yadda kamfani ya yi ta, idan kaya sun yi yawa kuma sai mu haɗu mu huɗu ko biyar mu ɗauki Kanta guda. Da muka yi lissafi a ƙarshen shekara, abin da ya rage a hannunmu ya fi na lokacin da muke obalodi, domin kwanakin da mota ke kwana a gareji sun ragu.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tashoshin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da su ƙayyade yawan buhunan da kowace irin mota za ta ɗauka, su kuma hana duk motar da ke da galan a ciki yin lodi. Ina kira ga ƙungiyar makanikai ta NATA da ta riƙa tara yaranta tana koya musu aikin injekta da na gas, ta kuma tsawatar wa masu yi wa mutane alƙawarin abin da ba zai yiwu ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an VIO da na KAROTA, ina roƙonsu su riƙa zuwa tashoshinmu ranar kasuwa suna wayar da kai da harshen Hausa, su buɗe bonet su duba tiyo da birki tun mota ba ta tashi ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita ma ta sa ido a kan jabun kayan gyara. Shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu kuma su taimaka da gyaran hanyoyin ƙauyuka, domin rami da yashi su ne ke sa direba wasa da rabin kuloci.

'Yan uwana manoma da 'yan kasuwa, rigakafi ya fi magani. Kafin ka ɗora buhunka, ka sunkuya ka shinshina, idan ka ji warin fetur ka jira ta gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, amin.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku kullum,
Wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi,
Tiga, Ƙaramar Hukumar Bebeji,
Jihar Kano.